Zaɓaɓɓu, Masu Ja da Baya da Ma'anar "Har Abada": Abin da Na Ji a Wata Jana'iza

Ya Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan shafi domin in yi magana da 'yan'uwana Kiristoci masu sujada da harshen Hausa, musamman fastoci da dattawan ikkilisiya da masu bishara na ƙauyuka. Na san yawancin masu karanta wannan jarida Musulmi ne, amma ina kyautata zaton maganar ba za ta zame musu baƙuwa ba, domin malamansu ma sun daɗe suna tattauna ƙaddara da makomar mumini mai saɓo. Ni dai a gonarmu zan tsaya, ba zan tsallaka kunyar kowa ba.

A daminar bara na je jana'izar wani abokina na ƙuruciya a wani ƙauye na kudancin Kaduna. Rana ɗaya aka yi mana baftisma a rafi ɗaya muna samari. Daga baya ya zama ma'ajin ikkilisiyarsu, kuɗin da aka tara don sayen kwanon rufi suka salwanta a hannunsa, dattawa suka zauna suka sa shi a horo, wato aka hana shi cin jibin Ubangiji (abincin tunawa da mutuwar Yesu), aka raba shi da muƙaminsa, aka nuna masa bencin baya. Ya zauna a wannan benci na 'yan watanni, sa'an nan ya ɗauke ƙafa gaba ɗaya ya koma zaman gidajen burkutu. Haka ya yi shekara 9, har ranar da wata motar itace ta buge shi a kan babur yana dawowa daga kasuwa, ya cika kafin a isa da shi asibiti.

Faston da ya yi wa'azi ya karanta Yahaya 10:28, inda Yesu ya ce yana ba tumakinsa rai madawwami, ba kuwa mai ƙwace su daga hannunsa. Ya ce marigayin ya karɓi Yesu tun yana saurayi, saboda haka zaɓaɓɓe ne, kuma a wannan sa'a yana hutawa a ƙirjin Ibrahim. Jama'a suka amsa da Amin. Sai wani dattijo, wanda jawabin godiya kawai aka ce ya yi, ya riƙe lasifika ya ce shi ba zai iya haɗiye gaskiya ba, duk wanda ya mutu cikin horo bai tuba ba a waje ya mutu, kuma kowa ya san makomarsa. Matar marigayin tana zaune a tabarma a tsakiyar matan zumunta, dukansu cikin zane iri ɗaya, na ga ta jawo ɗankwalinta ta rufe fuska. Da yamma kuma, muna zaune a rumfa ana raba kunu, wani saurayi mai ɗan karatu ya ɗaga wayarsa ya ce duk gardamar banza ake yi, domin kalmar da aka fassara "har abada" a Helenanci wani zamani mai iyaka take nufi, saboda haka ko da mutumin ya shiga wuta zai fito wata rana. Kafin rana ta faɗi an yanke wa gawa ɗaya hukunci uku, kuma kowane daga cikin alƙalan nan da aya a bakinsa.

Kalmar zaɓe tana ruɗa mu, domin da zarar Bahaushe na yau ya ji ta, akwatin ƙuri'a yake tunawa da ɗan takarar da ya yi yawon neman jama'a har ya cancanta. A Littafi Mai Tsarki abin ya saɓa da haka. Musa ya gaya wa Isra'ilawa a Maimaitawar Shari'a 7:7-8 cewa ba don yawansu Allah ya zaɓe su ba, domin su ne mafi ƙanƙanta cikin al'ummai, ƙauna ce kawai da alkawarin da ya yi wa kakanninsu. Sai dai na lura masu son wannan koyarwa sukan karanta rabin aya su rufe littafi. Afisawa 1:4 ta ce an zaɓe mu tun ba a kafa duniya ba, amma ba a nan ta tsaya ba, ta ce domin mu zama tsarkaka marasa aibu a gabansa. Yesu ya ce wa almajiransa a Yahaya 15:16 shi ne ya zaɓe su, ya kuma sa su je su ba da 'ya'ya. Wadda ta fi dukansu kaifi ita ce Amos 3:2, inda Allah ya ce wa Isra'ila su kaɗai ya sani cikin dukan kabilun duniya, don haka ne ma zai hukunta su saboda laifofinsu. Zaɓen da faston nan ya mai da shi bargon rufe laifi, annabin ya mai da shi dalilin bulala.

Ba mu muka fara wannan gardama ba. Agustin, bishop na garin Hippo, wanda yau ake kira Annaba a ƙasar Aljeriya, ya ƙare rayuwarsa a shekarar 430 yana jayayya da mabiyan Felajiyus a kan ko mutum yana iya juyowa ga Allah da ƙarfin kansa. Jon Kalbin ya ɗora a kan maganar Agustin a birnin Jeniba, almajiran Arminiyus kuma suka rubuta ƙorafinsu a kan koyarwar Kalbin mai sashe 5 a shekarar 1610, har aka kira babban taro a garin Dort na ƙasar Holan daga 1618 zuwa 1619 don a ba su amsa. Abin da nake so fastocinmu su sani shi ne, ko wannan taro na Dort, wanda ya tsaya kai da fata cewa zaɓaɓɓe ba ya hallaka, bai ce a yi abin da aka ga dama ba. A sashensa na biyar ya amince cewa mai bi na gaskiya yana iya faɗawa cikin mummunan zunubi, ya kawo Dawuda da Bitrus misali, ya ce irin wannan mutum yana ɓata wa Ruhu Mai Tsarki rai, yana kuma iya rasa jin daɗin alherin Allah na wani lokaci, har sai ya komo ta hanyar tuba ta gaske. Wato abin da suka koyar shi ne zaɓaɓɓe yana komowa, kuma komowar ce shaidarsa. 'Yan'uwanmu Angalikan, waɗanda Wusasa ta san su tun zamanin Likita Mila, suna da ƙa'idodin bangaskiya 39, ta 17 a cikinsu kuwa ta ce koyarwar zaɓe ta'aziyya ce mai daɗi ga masu tsoron Allah, amma ga masu bin son jiki rami ce mai haɗari, wadda Shaiɗan yake bi ta jefa su cikin fid da zuciya ko cikin lalata ba tare da damuwa ba. Jon Wesli shi kuwa ya koyar ƙarara cewa mai bi yana iya faɗuwa daga alheri. A ƙasar nan jikokin waɗannan ɓangarori sun zauna inuwa ɗaya a tarayyar ikkilisiyoyi ta TEKAN, wadda aka kafa a 1955, 'yan ikkilisiyar CRCN ta Takum da ta NKST ta ƙasar Tibi masu riƙe da koyarwar Dort, da 'yan Metodis na yankin Muri masu bin Wesli, kuma da za ka kai musu labarin abokina, babu ɗaya daga cikinsu da littafin koyarwarsa zai ba shi izinin ya tsaya a bakin kabari ya rantse.

Dalili kuwa shi ne Littafi Mai Tsarki bai zuba marasa biyayya a kwando ɗaya ba. A Koranti akwai mutumin da yake zaune da matar ubansa, Bulus ya ce a fitar da shi, amma ya faɗi manufar a 1 Korantiyawa 5:5, domin ruhunsa ya tsira a ranar Ubangiji. A sura ta 11 ya ce waɗansu sun raunana, waɗansu suna ciwo, waɗansu ma sun mutu saboda wulaƙanta jibin Ubangiji, sa'an nan ya kira wannan horo ne don kada a hukunta su tare da duniya. A sura ta 3 ya yi maganar magini da ya ɗora itace da ciyawa da kara a kan harsashi mai kyau, wuta ta cinye aikinsa, shi kuwa ya tsira kamar wanda ya ratso ta cikin wuta, irin mutumin da gobara ta kama ɗakinsa da dare ya fito daga shi sai gajeren wando. Musa ya yi rashin biyayya a Meriba aka hana shi shiga Kan'ana, amma ga shi a bisa dutse tare da Iliya ranar da kamannin Yesu suka sāke. Waɗannan duka 'ya'yan gida ne da aka hora. A ɗaya gefen kuma akwai mutanen Matiyu 7:21-23, masu cewa Ubangiji, Ubangiji, har da annabci da fitar da aljannu, waɗanda za a ce musu ba a taɓa saninsu ba. Akwai na 1 Yahaya 2:19 da suka fita don a gane dā ma ba na ciki ba ne. Akwai kuma gargaɗin Ibraniyawa sura ta 6 da ta 10, wanda na ga fastoci da dama suna tsallake shi kamar mai tsallake kwata, alhali ga masu bi aka rubuta shi.

A daren da aka kama Yesu mutum biyu ne cikin sha biyun suka ci amanarsa, ɗaya ya sayar da shi a kan azurfa 30, ɗaya ya yi rantsuwa har sau 3 cewa bai san shi ba. Dukansu biyu sun yi nadama, Bitrus ya fita ya yi kuka mai zafi, Yahuza ya mayar da kuɗin ya ce ya ci amanar marar laifi. Da a ce ni dattijon ikkilisiya ne a Urushalima da safiyar Juma'ar nan aka ce in nuna wanda zai komo, wataƙila Yahuza zan nuna, domin shi aƙalla ya mayar da kuɗi, abin da abokina bai yi ba. Wannan kaɗai ya isa ya sa dattijon nan mai jawabin godiya ya sassauta murya. Horon ikkilisiya hukunci ne a kan wurin zama da teburin jibi, dattawa ba su da hatimin da ya wuce nan, kuma tsakanin inda mota ta buge mutum da ƙofar asibiti akwai tazarar da ta ishi irin addu'ar ɓarawon nan na kan gicciye a Luka 23:42. Shi kuma faston, da ya ɗaga ido ya karanta aya ɗaya kafin wadda ya karanta, da ya ga Yahaya 10:27 ta bayyana su wane ne tumakin da ba a ƙwacewa: masu jin muryarsa ne suna binsa. Hatimin da Bulus ya ambata a 2 Timoti 2:19 rubutu biyu ne a kansa, na farko Ubangiji ya san nasa, na biyu duk mai kiran sunan Ubangiji ya rabu da mugunta. Na farkon Allah ne yake karanta shi, mu na biyun aka ba mu.

Saura maganar saurayin nan, wadda ita ce ta fi daɗewa a raina, domin akwai gaskiya a cikinta, kuma ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Gaskiya ne kalmar Ibrananci "olam" ba kullum take nufin abin da ba shi da ƙarshe ba. Yunusa ya ce ƙasa ta kulle shi har abada, amma kwana 3 ya yi a cikin kifi. Fitowa 21:6 ta ce bawan da aka huda wa kunne zai bauta wa maigidansa har abada, kowa kuwa ya san iyakarsa ranar mutuwa. An kira firistancin zuriyar Haruna madawwami a Fitowa 40:15, ga shi Ibraniyawa sura ta 7 ta ce an sauya shi. Mu ma a Hausa haka muke yi. Uwa takan ce wa ɗanta ba za ta sake shiga harkarsa ba har abada, bayan mako guda ka same ta tana dama masa fura, amma idan muka ce mulkin Allah har abada ne, babu mai tambayar ranar ƙarewarsa. Tsawon kalmar yana bin abin da aka jingina ta gare shi. Kalmar Helenanci "aionios", wadda ta zo kusan sau 70 a Sabon Alkawari, ita ma haka take, har ma a Romawa 16:25-26 Bulus ya yi amfani da ita sau biyu a jere, da farko a kan zamanan dā da asirin bishara yake ɓoye, waɗanda sun riga sun wuce, sa'an nan a kan Allah kansa.

To, tun da abin da aka jingina ta gare shi ne yake auna ta, sai mu je Matiyu 25:46, inda saurayin ba zai so mu je ba. A nan Yesu ya ce waɗannan za su tafi cikin madawwamiyar azaba, masu adalci kuwa cikin rai madawwami, kuma kalma ɗaya ce a ɓangarorin biyu, cikin jimla ɗaya, a kan ranar shari'a ɗaya. Agustin ya kafa wannan hujja a littafi na 21 na Birnin Allah, yana amsa wa masu ra'ayin Orijen na Iskandariya, malamin da ya sa zuciya cewa a ƙarshe za a maido da kowa, ra'ayin da aka yi Allah wadai da shi a Kustantiniya a shekarar 543 zamanin sarki Jastiniyan. Hujjar mai sauƙi ce, in ka gajarta igiyar a wannan gefe, ka gajarta ta a wancan. Daniyel 12:2 ma haka ta jera su, rai na har abada da ƙasƙanci na har abada. Ban ce duk wanda ya yi tambaya a nan ɗan bidi'a ne ba. 'Yan Adibentis masu sujada ranar Asabar, waɗanda suke da tsohuwar tasha a Jengre, suna koyar da cewa mugaye za su ƙone su shuɗe gaba ɗaya, shahararren malamin Angalikan Jon Stot ma ya karkata ga wannan ra'ayi a 1988, ya sha suka a kai. Ni ban gamsu da shi ba, amma ko su ba su ce ana fitowa ba, cewa suka yi hallakar ba ta da gyara. 'Yan Katolika kuma da suke koyar da wurin tsarkakewa bayan mutuwa sun keɓe shi ga waɗanda suka mutu cikin alherin Allah, ba ƙofar baya ba ce ga wanda ya ƙi tuba. Saurayin ya ɗauki rabin darasin ƙamus ya gina ta'aziyyar da babu wata tsohuwar ikkilisiya a ƙasar nan da za ta sa mata hannu.

Akwai kuma abin da mu ma muke mantawa. Tsohuwar fassarar Hausa ta 1932, wadda iyayenmu suka haddace Yohanna (wato Yahaya) 3:16 da ita, ta ce "rai na har abada", ta 1979 kuma ta ce "rai madawwami", dukansu biyu kuwa suna jan hankalinmu ga tsawon lokaci kaɗai. Amma da Yesu ya bayyana wannan rai a Yahaya 17:3 bai ƙirga shekaru ba, ya ce shi ne a san Allah makaɗaici na gaskiya da Yesu Almasihu da ya aiko. Sani kuwa zumunci ne da ake farawa tun ana numfashi. Saboda haka wanda ya mai da rai madawwami rasiɗin da aka karɓa ranar taron bishara na Sabon Rai aka ninke aka sa a aljihu, sai ranar jana'iza a zaro shi a nuna, bai fahimci abin da aka ba shi ba.

Duk da haka, laifin da ya fi girma a wannan labari ba a wurin jana'izar aka yi shi ba, kuma ina cikin masu shi. A Matiyu sura ta 18, maganar yadda za a bi da ɗan'uwan da ya yi laifi tana biye ne kai tsaye da misalin makiyayin da ya bar tumaki 99 ya tafi neman ɗaya. Bulus ya rubuta a 2 Korantiyawa 2:6-8 cewa hukuncin da aka yi wa wani mai laifi ya isa, a gafarta masa a ta'azantar da shi don kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Mu kuwa mun iya nuna bencin baya, ba mu iya komawa mu zauna a kai tare da mai shi ba. Cikin shekara 9 ɗin nan, kamar yadda matarsa ta shaida mini, sau ɗaya aka aiko dattawa gidansu, shi ma maganar kuɗin ce ta kawo su. Ni kaina na sha wucewa ta ƙofar gidansa idan na je ƙauyen, in ɗaga masa hannu daga kan babur, ina ce wa raina ba na so in kunyata shi. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, amma mu mun yanke, muka kuma taru muna gardama a kan inda ya faɗi.

Abin da nake roƙon majalisun ikkilisiyoyinmu ba mai wuya ba ne. Duk ranar da aka sa mutum a horo, a rubuta a littafin taro sunayen dattawa biyu da za su riƙa ziyartarsa, a kuma sa ranar da za a sake duba maganarsa, kada horon wata shida ya zama na har abada irin na uwar nan mai fura, sai dai shi ba mai dama furar. A makarantun Littafi Mai Tsarki kuma, daga Bukuru da Kagoro har ƙananan makarantun da ake koyarwa da Hausa, a koya wa ɗalibai yadda ake wa'azin jana'izar wanda ya ja da baya, domin irin wannan jana'iza ce za su fi yawan yi, kuma wa'azin na masu rai ne da suke zaune a gabansu.

Kwana uku bayan biso na koma yi wa matar ban kwana. Ta ce, "Baba, kai ka san shi tun yana yaro, ina mijina yake?" Na buɗe Farawa 18:25 na karanta mata tambayar da Ibrahim ya yi a kan Saduma, ko mai shari'ar dukan duniya ba zai yi abin da yake daidai ba, na ce mata a hannun wannan alƙali yake, kuma shi ya ga abin da ya faru a bayan motar da ta ɗauko shi. Ta yi shiru na ɗan lokaci tana kaɗa ƙuda daga kwanon da yake gabanta, sa'an nan ta tambaye ni ko har yanzu ana bin sa kuɗin kwanon rufin, domin tana so ta fara biya kaɗan-kaɗan idan ta haƙe cittarta da kaka. Na kai maganar gaban dattawansu a rubuce, har zuwa ranar da nake rubuta wannan wasiƙa ba su ba ta amsa ba.

Na gode da filin da ka ba ni.

Naka,
Wani tsohon malamin makarantar Lahadi,
Kafanchan, Jihar Kaduna.